Tambaya: Shin nazarin ƙwayoyin rana da yanayin sararin samaniya sana'a ce da 'yar Zariya za ta iya riƙewa?

Ɗalibar Samaru ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗaliba ce a aji uku a sashen fiziks na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma lokacin da za mu zaɓi maudu'in binciken kammala digiri ya gabato. Tun bayan babbar guguwar maganaɗisu ta ranakun 10 da 11 ga Mayun 2024, wadda ta sa aka ga haske ja da kore a sararin ƙasashen da ba su saba ganinsa ba, hankalina ya karkata ga fannin da ke nazarin ƙwayoyin da rana ke watsowa da abin da ake kira yanayin sararin samaniya. Na karanta abin da ya sawwaƙa a intanet, amma yawancinsa labarin kumbuna ne da manyan cibiyoyin Amurka da Turai, har mutum ya ji kamar fannin ba na irinmu ba ne.

Ina so in san ainihin aikin da masanin wannan fanni yake yi idan gari ya waye ya tafi ofis, da kuma hanyar da ake bi kafin a kai matsayinsa. Mahaifina, wanda shi ke ɗawainiyar karatuna, bai hana ni ba, amma ya tambaye ni wanda zai ɗauke ni aiki idan na gama, ya kuma ce yana gudun kada in ƙarar da shekaruna a kan ilimin da ba shi da kasuwa a ƙasarmu. Ina roƙon duk wanda ya san fannin ya faɗa mini gaskiyar lamari, mai daɗi da marar daɗi, domin in samu abin da zan mayar masa. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malami, Tudun Wada, ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatunki albarka, ya kuma saka wa mahaifinki, domin tambayarsa ta mai hangen nesa ce. Na koyar da fiziks shekaru masu yawa kafin in ajiye aiki, saboda haka zan yi miki bayanin ilimin, in bar wa matasa zancen guraben aiki na yau.

Da farko ki raba wannan fanni da hasashen yanayi na yau da kullum. Zafin bazara da muke sha a Maris da Afrilu, da hazon hunturu, da saukar damina, duk a iskar ƙasa suke faruwa, kuma suna da hukumarsu daban. Abin da kike magana a kai yana farawa ne daga rana kanta, mai nisan kimanin kilomita miliyan 150 daga gare mu. Rana ba ta daina fitar da wata iska ta furoton da elektaron, wato ƙananan ƙwayoyi masu caji, mai gudun kilomita 300 zuwa 800 a daƙiƙa guda. Amma lokaci-lokaci, musamman a kusa da baƙaƙen tabban da ke fitowa a fuskarta, inda maganaɗisu ya murɗe ya cunkushe, sai ta yi tartsatsi mai ƙarfi. Hasken tartsatsin, wanda ya haɗa da eksire irin na hoton asibiti, yana isowa cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi, don haka babu gargaɗin da za a iya yi kafinsa, ganinsa shi ne isowarsa. Mu da muka tashi da sauraron rediyo a gajeren zango mun san irin ranar da dukkan tashoshin ƙetare za su ɗauke farat ɗaya da rana tsaka, mutum ya yi ta murɗa akwatinsa yana zargin batir, sannan bayan wani lokaci muryoyin su dawo da kansu. Sau da yawa wannan aikin tartsatsi ne, domin yana ƙara cajin ƙasan ayonosfiya, wato sashen can saman iskar duniya mai ɗauke da caji, har ta shanye saƙon rediyo maimakon ta maido shi ƙasa.

Bayan hasken sai ƙwayoyin da kika ambata, yawancinsu furoton masu tsananin kuzari, waɗanda mafi saurinsu ke kusantar gudun haske, su iso cikin mintuna zuwa sa'o'i. Daga ƙarshe, idan rana ta amayo curin falasma, wato iska mai tsananin zafi da caji, mai nauyin biliyoyin tan, yakan yi kwana 1 zuwa 3 a hanya, kuma shi ne ke girgiza maganaɗisun duniya idan ya yi daidai da mu. Irinsa ne ya biyo bayan tartsatsin da Richard Carrington ya gani a Ingila ranar 1 ga Satumban 1859, har wayoyin tangarahu suka riƙa fitar da wuta. Irinsa ne kuma ya jefa mutane kimanin miliyan 6 cikin duhu na sa'o'i 9 a lardin Kwibek na Kanada ranar 13 ga Maris 1989.

Masanin ƙwayoyin rana yana neman sanin inda suke samun wannan kuzari da hanyar da suke bi. Wasu a wurin tartsatsin ake ingiza su, wasu kuma a gaban curin falasmar, inda gudunsa ke haddasa wata igiyar karo da ke tunkuɗa duk abin da ta tarar. Ƙwayoyin ba sa tafiya miƙe, layin maganaɗisu suke bi, shi kuwa layin a lanƙwashe yake saboda rana tana juyawa sau ɗaya a kimanin kwana 27 a ganinmu, kamar yadda ruwan tiyo ke lanƙwasa idan mai ban-ruwa a fadama yana juyawa da shi. Wannan ne ya sa fashewar da ta auku a gefen yamma na fuskar rana ta fi saurin aiko mana da ƙwayoyi a kan ta gefen gabas. Muhimmancin sanin haka ya fito fili a Agustan 1972, lokacin da aka yi wata gagarumar zubowar ƙwayoyi tsakanin tafiyar Apollo 16 da ta Apollo 17; da a ce akwai mutane a kan wata a ranakun, da lafiyarsu ta shiga babban haɗari.

Ki kuma dubi rayuwar Eugene Parker, domin akwai abin lura a cikinta ga mai shirin shiga fannin. A 1958, yana matashin malami a Jami'ar Shikago, ya nuna da lissafi kawai cewa dole ne akwai iskar rana. Waɗanda aka ba su duba takardarsa suka ƙi amincewa da ita, sai da editan mujallar, Chandrasekhar, ya bi lissafin da kansa bai ga kuskure ba ya buga ta. A 1962 kumbon Mariner 2 ya tabbatar da maganarsa a hanyarsa ta zuwa Zahra. Yana da shekara 91 ya tsaya ya kalli tashin kumbon da aka raɗa wa sunansa a Agustan 2018, kumbon da ya matsa har kilomita miliyan 6.1 daga fuskar rana ranar 24 ga Disamban 2024. Takarda da alƙalami ne suka fara wannan aiki gaba ɗaya, kuma waɗannan kina da su.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne jin da kike yi cewa fannin ba na irinmu ba ne. Akwai layin da ake kira ikwaitar maganaɗisu, inda allurar maganaɗisu ke kwanciya ɗoɗar ba ta sunkuya ba. Wannan layi bai yi daidai da ikwaitar taswira ba, a Afirka ta Yamma ya hauro arewa har wajen digiri 10 zuwa 11, Zariya kuwa a kan digiri 11 take. Ma'ana, a saman kanmu, nisan kimanin kilomita 105, akwai wutar lantarki mai faɗin kusan kilomita 600 da ke kwarara zuwa gabas kullum da rana. An fara lura da ita ne daga awon da aka yi a Huancayo ta ƙasar Peru, kuma Sydney Chapman ne ya sa mata suna a 1951. Rosemary Hutton, masaniya 'yar Sikotlan, ta koyar a nan Jami'ar Ahmadu Bello tun daga 1963 tana nazarin wannan wuta. Farfesa Cyril Onwumechili ya shafe rayuwarsa a kanta har ya rubuta littafi sukutum a 1997, Farfesa Francisca Okeke ta Nsukka kuwa ta samu lambar yabon L'Oréal da UNESCO a 2013 saboda bincikenta kan ayonosfiya. Masana daga Japan sun ɗauko na'urorin awon maganaɗisu sun kafa a Legas da Ilori da Abuja domin su samu irin abin da ke wucewa ta saman gidanku kowace hantsi.

Safiyo, Sabon Gari, ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara girma. Ƙanwata, ni ba masani ba ne, awon filaye nake yi, amma ina cikin masu cin gajiyar ilimin nan, shi ya sa na ga ya kamata in sa baki a kan zancen kasuwa.

Na'urar GPS da muke aiki da ita ba irin ta wayar hannu ba ce, tana auna wuri har zuwa santimita, kuma da ita muke kafa iyakar gona da fuloti. Idan aiki ya kai mu bayan magariba, musamman a watannin Maris da Afrilu ko Satumba da Oktoba, sai ka ga na'urar da ta wuni lafiya ta fara rasa taurarin ɗan'adam ɗaya bayan ɗaya, lambobin allo suna ta tsalle, alhali sama garau take babu ko gajimare. Dalilin shi ne bayan faɗuwar rana ayonosfiyar yankinmu takan yi wasu manyan kumfa marasa caji sosai, saƙon tauraron kuma idan ya ratsa ta cikinsu sai ya riƙa rawa. Abin ya fi tsanani a shekarun da tabban rana suka yawaita, domin aikinta hawa da sauka yake yi a zagayen kimanin shekara 11. Zagaye na 25 ya fara a Disamban 2019, ya kai ganiyarsa a wajajen 2024. Kuskuren mita ɗaya a iyakar gona ya isa ya haɗa dangi shari'a, don haka da za a samu wanda zai riƙa gaya mana tun da rana cewa daren yau ba na awo ba ne, da ya rage mana asara.

Ba mu kaɗai ba ne. A guguwar Mayun 2024 da kika ambata, manoma a Amurka sun dakatar da shuka saboda taraktocinsu masu bin GPS sun daina bin layi. Tun Nuwamban 2019 hukumar jiragen sama ta duniya ta fara aika wa matuƙa gargaɗin yanayin sararin samaniya, mu kuwa ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama nan a garinmu tun 1964. Akwai kuma tashar GPS ta dindindin a harabar jami'arku, mai laƙabin ABUZ, wadda masu bincike suka yi amfani da bayananta wajen nazarin samaniyar Zariya. Ki gaya wa Baba cewa masu buƙatar ilimin suna nan, sai dai ba kasafai ake tallar gurbin aikin da sunan fannin ba.

Abu ɗaya nake jan kunne a kai. Na sha jin mutane suna ɗora wa rana alhakin ɗaukewar wutar lantarki a ƙasarmu. Gaskiya ne an danganta lalacewar wasu manyan taransfoma a Afirka ta Kudu da guguwar Oktoban 2003, amma matsalarmu ta yau da gobe a ƙasa dalilanta suke, kuma duk wanda ya shiga fannin nan kada ya yarda a yi amfani da iliminsa wajen rufe su.

Yaya a Ƙetare ta amsa:

Ina gaida Malam da yayana Safiyo. Ƙanwata, ni 'yar Zariya ce, a gida na yi digiri na farko, yanzu kuma ina digiri na uku a wannan fanni a wata jami'a a Turai, saboda haka zan amsa miki tambayar aikin yau da kullum.

Kusan duk wunina a gaban kwamfuta nake yin sa. Da safe ina buɗe shafin cibiyar hasashe ta Amurka da ke Boulder in duba abin da taurarin GOES suka auna cikin dare: ƙarfin eksire, wanda aka kasa tartsatsi da shi zuwa A, B, C, M da X, kowanne ya ninka na bayansa sau 10, da kuma yawan furoton. Daga nan sai in koma ga nawa aikin, wato sauke bayanan kumbuna, tsabtace su daga gurbi da kuskuren na'ura, rubuta manhaja da harshen Python, zana jadawali, da gwada ko lissafina ya yi daidai da abin da aka auna. Sau da yawa ba ya yin daidai, kuma makonni sukan tafi wajen gano dalili. Sauran lokacin na karatun takardun wasu ne, da rubuta nawa, da neman kuɗin bincike, wanda shi ne ɓangaren da ba a faɗa wa ɗalibai.

Akwai kuma masu hasashe, waɗanda ke aikin karɓa-karɓa dare da rana. Babbar matsalarsu ita ce ƙarfin guguwa ya dogara da inda maganaɗisun curin falasmar ya fuskanta. Idan kudu ya fuskanta sai ya haɗe da na duniya kuzari ya kwararo, idan arewa ne kuwa yawancinsa sai ya wuce. Ba a iya tabbatar da wannan sai curin ya iso wurin kumbunan da ke tsaye kilomita miliyan 1.5 a gabanmu, irin su ACE, kuma daga nan zuwa duniya minti 15 zuwa awa ɗaya ne kacal. Ba lallai ma sai guguwa ta yi girma take ɓarna ba. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, wata matsakaiciyar guguwa ta ɗumama saman iskar duniya ta kumbura, jan iska ya ƙaru, 38 daga cikinsu suka faɗo suka ƙone. Duk wanda ya tsawaita wannan gargaɗi daga awa ɗaya zuwa wuni guda ya yi wa duniya babban aiki, kuma a kan haka mutane da yawa ke aiki yanzu.

Game da hanya, ki riƙe lissafi da hannu biyu, musamman darussan lantarki da maganaɗisu da ƙididdiga, ki kuma fara koyon Python tun yanzu ko da a aron kwamfuta ne. Bayan digiri na farko da bautar ƙasa akwai digiri na biyu na shekara 1 zuwa 2, sai na uku na shekara 3 zuwa 5, sannan mafi yawan mutane sukan yi aikin kwantiragi na shekara 2 ko 3, wani lokaci fiye da sau ɗaya, kafin su samu kujera ta dindindin. A gida akwai hukumar sararin samaniya ta NASRDA da aka kafa a 1999, da cibiyarta ta binciken sararin iska a Anyigba ta jihar Kogi, da ta Nsukka, da cibiyar horaswa ta Ile-Ife. A waje akwai cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964 domin masana daga ƙasashe masu tasowa, da cibiyar Hermanus ta Afirka ta Kudu da ta fara aikin hasashe ba dare ba rana a 2022.

Ba zan ɓoye miki ba, kujerun bincike kaɗan ne, a gida da waje. Amma wanda ya ƙware a sarrafa tarin bayanai da rubuta manhaja ba ya rasa madafa, kuma na san abokan karatu da suka koma kamfanonin sadarwa da na taurarin ɗan'adam da koyarwa. Idan kuma kina hangen fita waje, ki fara zancen da iyayenki tun da wuri, a tsanake, domin tallafin karatu yana zuwa da wa'adi gajere, kuma ba lokacin ne ya kamata gida ya fara jin maganar ba.

Akwai gyara ɗaya da zan yi wa bayanin Malam cikin ladabi. Kusancinmu da ikwaitar maganaɗisu gata ne ga mai nazarin ayonosfiya, amma ga mai nazarin ƙwayoyin rana kansu, yankinmu yana cikin wuraren da maganaɗisun duniya ya fi karewa, ƙwayoyin ta wajen doron arewa da na kudu suke samun shiga, shi ya sa jiragen da ke bi ta can ne ake sauya wa hanya. Saboda haka aikin ƙwayoyi da bayanan kumbuna ake yin sa. Abin daɗin shi ne NASA ta buɗe waɗannan bayanai kyauta, kuma abin da nake saukewa a nan shi ne za ki sauke a Samaru.

Ɗalibar Samaru ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba Malam, da yayana Safiyo, da Yaya. Na karanta wa mahaifina amsoshinku, kuma zancen awon filaye ne ya fi shiga ransa domin ya san rikicin iyaka. Yanzu abin da ya rage mini shi ne zaɓi: in yi binciken kammalawa a kan ƙwayoyin rana, waɗanda su ne suka fara jan hankalina, ko a kan ayonosfiyar Zariya?

Tsohon Malami, Tudun Wada, ya sake amsawa:

Gyaran da yayarki ta yi daidai ne, kuma na ji daɗinsa. Ra'ayina shi ne ki haɗa su a aiki ɗaya, amma ki sa nauyin a kan abin da ke samanmu. Ki ɗauki guguwar Mayun 2024, ki bi ta daga tushe: lokacin da tartsatsin ya auku, lokacin da furoton suka ƙaru, lokacin da curin ya iso kumbunan gaba da inda maganaɗisunsa ya fuskanta. Sannan ki nemi bayanan GPS na tashoshin Nijeriya na waɗannan ranaku, ki lissafa yawan elektaron da ke tsakanin tauraro da ƙasa, ki kwatanta da ranakun da suka fi natsuwa a watan. Ta haka za ki koyi karanta bayanan ƙwayoyi, kuma za ki fito da sakamakon da ya shafi yankin da tashoshin awo suka yi wa ƙaranci idan aka kwatanta da Kudancin Amurka da Indiya, wanda shi ne irin aikin da ke sa a kula da takardar neman gurbin ɗalibi.

Kafin ki rubuta komai, ki je wurin malaman sashenku da ke ɓangaren fiziks na ƙasa da sararin iska, ki kuma leƙa sashen koyar da safiyo ki tambayi yadda ake samun bayanan tashar. Ki fara tabbatar da cewa bayanan ranakun 8 zuwa 14 ga Mayu suna nan cikakku. Idan akwai gurbi a cikinsu, guguwar 10 da 11 ga Oktoban 2024 ma babba ce, kuma ta faɗo a cikin watannin da yayanki Safiyo ya ce kumfar ta fi yawa.